Farar tsutsar da ke cikin saƙa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin ɗorawa ko tsamiya a ƙauyukan Bici, daren da ake sauke amya, ya san ba zuma kaɗai ake tararwa a ciki ba. Akwai saƙa mai cike da farar tsutsa. Wani ya matse ta har ta ɓata masa zumar, wani ya watsa wa kaji. Alhali ita ce ƙudan zuman wata mai zuwa.

Uwa ɗaya ce tal a amya, sarauniya, ba ta da aiki sai saka ƙwai. Idan itatuwa suka yi fure sosai takan saka fiye da dubu a yini, kowanne a raminsa. Bayan kwana 3 ƙwan ya ƙyanƙyashe. Tsutsar ta yi kamar kwana 6 tana ci ba ji ba gani, sannan a toshe ramin da kaki, can ciki ta yi ido da ƙafa da fiffike. Ma'aikaciya kan fito a kwana na 21, ko da yake irin namu na Afirka kan ɗan riga haka. Namiji sai ya kai 24, kuma daga ƙwan da bai gamu da maniyyi ba yake fitowa, yana da uwa ba shi da uba. Wani limamin coci a Turai, Johann Dzierzon, shi ya bayyana haka a 1845.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sarautar. Ƙwan sarauniya da na ma'aikaciya ba su da bambanci, ciyarwa ce ke raba su. Matasan ma'aikata na fitar da wani farin ruwa mai kauri kamar kindirmo daga kansu. Kowace tsutsa na shan sa kwanakin farko, sai a yaye sauran a haɗa musu da zuma da garin fure. Wadda aka zaɓa kuwa a yi ta ɗura mata shi cikin wani dogon rami mai kama da kwanson gyaɗa. Kwana 16 ta fito, ta yi shekaru a raye, 'yar'uwarta ma'aikaciya da ƙyar take wuce mako 6 lokacin aiki.

Shi ya sa idan wutar mai ɗiban zuma ta kashe sarauniya, sauran za su iya renon wata, muddin an bar musu saƙa mai ƙwai ko tsutsar da ba ta wuce kwana 3 ba. Idan an kwashe duka, sai su yi ta raguwa har amyar ta zama kango.