Zaitun a Ƙasar Ruwa da Hazo

A unguwar Chelsea da ke Landan akwai wani lambun itatuwan magani da aka kafa a 1673. A cikinsa akwai itacen zaitun da ake cewa ya fi duk masu 'ya'ya a fili girma a Birtaniya. Katangar bulo da ɗumin birni ne suka rufa masa asiri. Yau kuwa a Ingila mutum kan ga zaitun cikin tukwane a ƙofar gidaje da ƙananan lambuna, alhali asalinsa ɗan gaɓar Bahar Rum ne, wanda ya saba da zafin rana da ƙasa mai tsakuwa.

Mutane kan ɗauka sanyi ne babban abokin gabarsa. Gaskiya ne idan sanyi ya kai digiri 10 ƙasa da sifili yakan yi masa illa, kamar yadda ya hallaka gonaki a kudancin Faransa a Fabrairun 1956, da yankin Tuskani na Italiya a Janairun 1985. Duk da haka itatuwa da yawa sun sake toho daga kututture. Hasali ma zaitun na bukatar wasu makonni na sanyi kafin ya yi fure, shi ya sa a ƙasashe masu zafi yakan yi ganye shar amma ya hana 'ya'ya.

Abin da ya fi kashe shi a Ingila danshi ne. Hunturunsu da ruwan sama yake zuwa, ƙasar lambuna da dama kuma yumɓu ce mai riƙe ruwa. Saiwa ta kwana cikin laka mai sanyi wata da watanni, sai ta ruɓe, ganye ya kaɗe, mai gida ya ɗora wa ƙanƙara laifi. Saboda haka masu lura sukan gauraya ƙasar da tsakuwa, su ɗora tukunyar kan bulo don ruwa ya tsiyaye, su ajiye ta gindin katangar da ke fuskantar kudu, inda rana ta fi daɗewa. Sanyi in ya tsananta a naɗe tukunyar da buhu, domin saiwar da ke cikin tukunya ta fi ta cikin ƙasa saurin daskarewa. Irin da aka shuka ma yana da tasiri: Leccino da Frantoio na Italiya, da Arbequina na Sifen, su aka fi nema.

A ganina wanda ya shuka shi da burin tatsar man zaitun ya ɗora wa itacen abin da ba zai iya ba. Furen kan makara, lokacin zafi gajere ne, 'ya'yan ba safai suke nuna sosai ba. Ɗan abin da aka samu kuma ɗaci gare shi, ba ya ciwuwa ɗanye. Sai an jiƙa shi a ruwa ana sauyawa kullum, sannan a bar shi cikin ruwan gishiri na wasu makonni kafin ya hau faranti.