Kafasita a Makirfo Mai Bawul: Tsufa Ba Shi Ke Kawo Daɗin Murya Ba

Duk wanda fankarsa ta taɓa yin sanyi a tsakiyar bazara ya san kafasita. Fanka ta riƙa juyawa kamar mai gyangyaɗi, a kira mai gyara, ya cire 'yar baƙar aba mai waya biyu ya sa sabuwa, iska ta dawo. A nan sanin yawancinmu ya tsaya. Amma wanda ya ɗaura niyyar haɗa makirfo irin na da, mai bawul a ciki, ko ɗalibi ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko mai gyaran amfilifayar masallaci ne a Babura, zai tarar 'yan kasuwar waje sun mai da wannan 'yar aba kamar laya. Za su ce masa in bai sayi tsohuwar kafasitar takarda da mai ba, irin wadda aka tono daga rumbunan tsohuwar Tarayyar Sobiyet, muryar mawaƙinsa ba za ta yi kauri ba. A ganina wannan ɓarnar kuɗi ce, kuma a ƙasa irin tamu har da jawo wa kai wahala. Abin da ya kamata ya zaɓar wa mutum kafasita shi ne aikin da za ta yi a inda aka dasa ta, sai kuma zafi da ƙura da danshin garin da za ta zauna.

Makirfon da kowa ke kwaikwayo su ne U47 na kamfanin Neumann na Jamus, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1940 da bawul mai suna VF14, da C12 na kamfanin AKG na Ostiriya na 1953, da U67 na 1960. Tsohon U47 mai lafiya a yau kuɗinsa dubban daloli ne masu yawa, shi ya sa haɗa na gida ba wauta ba ne. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kan makirfon da kansa kafasita ne. Wata 'yar fata ce ta roba, ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, an shafe ta da zinare an ɗaure ta kamar fatar kalangu a gaban wani faifan tagulla, aka ɗora musu wuta wajen bolt 60. Murya ta bugi fatar, tazarar da ke tsakaninsu ta motsa, sai motsin ya zama wata 'yar wuta mai rauni ƙwarai. Bawul shi ke karɓar wannan raunanniyar wuta ya ba ta ƙarfi, taransifoma ta miƙa ta ga waya. A kan wannan hanya kafasita na da ayyuka uku, kuma ba su da kama da juna ko kaɗan.

Na farko shi ne mafi tsauri, kuma shi aka fi yi wa sakaci. A zane da yawa akwai wata 'yar ƙarama, mai fikofarad 1000 ko kusa da haka, tsakanin kan makirfo da ƙofar bawul. Aikinta ta tare wutar da ke tsaye a kan fatar, ta bar girgizar murya kaɗai ta wuce. Rizistocin da ke kewaye da ita na kaiwa megom 100, wasu har 1000, wato wuri ne da zufar yatsa ma hanya ce ga wuta. Kafasitar da ke yoyo ko da ɗan ƙanƙani ne, a nan sai ta ɓata saitin bawul, a riƙa jin huci da ƙaraf-ƙaraf kamar ana suya a nesa. To, takarda dai takarda ce, tana shan danshi. Wadda ta shekara hamsin a ajiye, murfinta ya tsattsage, in ta kwana a ɗakin situdiyo kusa da dam ɗin Kazaure a watan Agusta, abin da za ta bayar ke nan. Nan wurin kafasitar roba ce mai suna folistirin, ko kuma ta yumɓu mai alamar C0G, wadda wasu ke rubutawa NP0. Folistirin tana da tsabtar aiki amma ba ta da jimirin zafi, iyakarta digiri 70 zuwa 85, kuma in aka daɗe da ɗora mata ƙarfen dalma sai ta narke ta ciki ba a sani ba. Dole a kama ƙafarta da filaya ta shanye zafin, a liƙa da sauri, a wanke wurin da sifirit, kada a ƙara taɓa shi da hannu. Wadda za a guje wa ita ce ta yumɓu mai alamar X7R ko Y5V. A ido tamkar C0G take, amma ita da kanta tana jin girgiza: ƙwanƙwasa jikin makirfon da farce, za ka ji ta amsa a lasifika.

Na biyu shi ne inda ake ta kace-nace, wato kafasitar da ke tsakanin bawul da taransifoma. A U47 na asali rabin maikurofarad ce, ta takarda mai shafen ƙarfe. Masu ra'ayin tsohon kaya za su ce ai ga shi nan, da tsohuwar zuma ake magani, kuma su rantse sun sauya sun ji bambanci da kunnensu. Ban ƙaryata kunnensu ba. Tambayar ita ce, me suka ji? Wannan kafasita tana haɗuwa da naɗin wayar taransifoma su yanke inda kaurin murya zai tsaya, har ma su ɗan kumbura shi a ƙasa. Girmanta shi ke juya wannan. Tsofaffin kafasitoci ana yin su ne da rangwamen kashi 10 ko 20 cikin ɗari sama ko ƙasa, kuma shekaru na ƙara karkatar da su. Wanda ya cire sabuwa mai 0.47 ya sa tsohuwa da aka rubuta wa 0.5 alhali ta koma 0.7, tabbas zai ji sauyi, sai dai girma ya ji, ba mai da takarda ba. In kuma tana yoyo, wuta ta zurara cikin taransifoma, zai ji wata 'yar dusashewa da zai iya ɗauka ɗumin zamanin da ne, alhali ciwo ne. Injiniyoyin Neumann ba don takarda na da albarka suka sa ta ba. Ita ce mai kyau a shagon lokacinsu.

An kuma auna abin, ba a bar shi ga musu ba. Tun 1980 Walt Jung da Richard Marsh suka rubuta a mujallar Audio ta Amurka a kan zaɓen kafasita, sannan Cyril Bateman ya yi jerin gwaje-gwaje a mujallar Electronics World ta Ingila a 2002 da 2003. Abin da awon Bateman ya nuna shi ne folistirin da wata ta roba mai suna folifirofilin da C0G kusan ba sa gurɓata sauti, yumɓu irin X7R kuwa na gurɓatawa sosai, masu ruwa a ciki su ma suna da nasu laifin. Wato bambanci tsakanin iri da iri gaskiya ne, amma tsakanin folifirofilin mai kyau ta kuɗi kaɗan da wadda aka yi wa ado da suna mai tsada, da wuya a sami abin da kunne zai kama. Mai shakka ya gwada: ya auna biyun da mita ya tabbatar girmansu ɗaya, ya sa abokinsa ya riƙa sauyawa a bayan labule, shi kuma ya faɗi wacce ke ciki sau goma a jere. Ido na taya kunne son zuciya fiye da yadda muke zato. Abin lura ga wannan kafasita ta tsakanin bawul da taransifoma shi ne ƙarfin wutar da za ta ɗauka. U47 na aiki da bolt 105, C12 da 120, U67 kuwa 210, saboda haka mai alamar 250 ko 400 ake nema, gwargwadon zanen.

Na uku ba ya cikin makirfon ma, yana cikin akwatin wutarsa, kuma a nan ne yanayinmu ke nuna hali. Manyan kafasitocin nan masu kama da gwangwani, waɗanda ke tace wuta don kada gurnanin layi ya shiga murya, ruwa ne a cikinsu, kuma zafi na busar da shi. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 na rage rabin kwanansu. A ɗauki biyu da aka yi wa alƙawarin awa 2000, ɗaya a digiri 85, ɗaya a 105. A Gwiwa ko Roni cikin Afrilu, ranar da inuwa ma ta haura 40, ga ɗaki a rufe ruf don kada ƙarar babur ta shigo, ga fanka a kashe saboda ana ɗaukar murya, cikin akwatin ƙarfe zai iya kai 55. Ta farkon za ta yi wajen awa 16,000, ta biyun wajen 64,000. Ninki huɗu ke nan, a kan 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. Sai batun wutar kanta, wadda a rubuce bolt 230 ce amma takan yi sama ta yi ƙasa, balle in janareto ne. Kafin bawul ya yi ɗumi ba ya jan wuta, don haka a daƙiƙun farko wutar akwatin na hawa fiye da yadda za ta zauna. Ya kamata a bar sarari mai faɗi tsakanin abin da mita ta nuna da lambar da ke jikin gwangwanin. Tsohuwar kafasita mai ruwa kuwa, ko a ledarta take ba a taɓa amfani da ita ba, ta riga ta tsufa a kwance. Kuma waɗannan na riƙe wutar da za ta iya halaka mutum bayan an zare fulogi. A sa rizista mai zuƙe ta, a auna kafin a kai hannu.

Wani zai ce duk wannan zance ne na masu hali, mu abin da muka samu a Sabon Gari a Kano shi za mu sa. Akwai gaskiya a ciki, kuma ita ce ma ta ƙara ƙarfafa maganar. Folifirofilin da gwangwanaye masu digiri 105 ba baƙi ba ne a kasuwa, don ana sa su a inbata da talabijin. Matsalar jabu ce: akwai gwangwanin da in aka fasa shi sai a tarar da wata 'yar ƙarama a ɓoye a ciki, akwai tsohuwar da aka cire daga mataccen kaya aka sake mata riga. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Mita mai auna girman kafasita ta fi kafasitar ƙawa guda amfani, domin za ta tantance duk abin da aka sayo daga yau har gaba. Ragowar kuɗin kuma a kai su kan makirfon da taransifoma da bawul maras huci, can ne yawancin abin da ake kira muryar zamanin da yake zaune.

Sau da yawa ma laifin da ake ɗora wa kafasita ba nata ba ne. Ƙurar hunturu na sauka a kan fatar nan mai wuta, ta manne, ta kwanta shiru har damina ta zo ko mai bege ya matso da bakinsa ya huce ta. Ƙura ta sha danshi, wutar fatar ta zurare, murya ta ɗauke na ɗan lokaci sannan ta dawo da tartsatsi. Mai gyaran da bai san haka ba sai ya bi kafasitoci ɗaya bayan ɗaya yana cirewa. Gwajin ba wuya: a hura numfashi a hankali kusa da ragar makirfon a saurara. In sautin ya nutse, fatar ce ke neman tsabta, kuma wannan aikin gwani ne, ba a goga mata auduga. In ba a aiki da makirfon, a rufe shi cikin mazubi mai murfi tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.