Bututun hayaƙi: inda talaka zai iya rage kuɗi da inda ba zai iya ba

Da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a Turai a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, iyalai da dama a Jamus da Ingila suka koma ɗumama gidajensu da murhun itace. Ana samun murhun ƙarfe na hannu da rahusa, amma bututun da zai fitar da hayaƙi sau da yawa ya fi murhun tsada, kuma a nan mai ƙaramin ƙarfi yake so ya yi dabara.

Hatsarin yana cikin hayaƙin ne. Idan ya huce kafin ya fita, sai ya bar wani baƙin danƙo a jikin bututu, kamar kunkunniyar madafa amma mai kama wuta. Ranar da ya kama, zafin kan haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas.

Mafi arha shi ne bututu mai falle ɗaya. Amfaninsa a cikin ɗaki kaɗai yake, daga murhu zuwa kusa da silin, kuma ƙa'idar Amurka ta ce ya nisanci katako da duk abin da ke ci da wuta da inci 18. Mai falle biyu yakan wadatu da inci 6. Amma da zarar za a ratsa silin ko bango ko rufi, dole a koma ga bututu mai riɓi biyu da aka cusa wa abin tare zafi a tsakani, irin wanda aka gwada har digiri 1,149, a kuma bar masa tazarar inci 2. Wanda ya zura mai falle ɗaya ta cikin katakon rufi don gudun kashe kuɗi ya jefa iyalinsa cikin hatsari, kuma abin tausayi shi ne galibi rashi ne ke sa shi.

Mai tsohon bututun bulo ya huta da rabin wahala. Maimakon rushewa, sai a zura masa bututun ƙarfe marar tsatsa daga sama har ƙasa, ya toshe tsagar da hayaƙi ke bi ya shiga ɗaki. Miƙaƙƙen bututu kuma ya fi mai lanƙwasa jan hayaƙi da sauƙin shara. Bakinsa ya ɗara rufi da ƙafa 3, ya kuma fi duk abin da ke cikin tazarar ƙafa 10 tsawo da ƙafa 2.

Sauran sauƙin yana wajen itace. Ɗanye shi ke tara danƙon nan, shi ya sa tun Mayun 2021 Ingila ta hana sayar da shi tsibi-tsibi ga gidaje, sai wanda damshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta ce a duba bututu aƙalla sau ɗaya a shekara. A Jamus kuwa doka ce, ma'aikacin sharar bututu na unguwa yakan zo ya duba kafin a fara hura sabon murhu.