Nasiha Ga Mai Son Haɗa Ƙaramar Kwamfutar Wasa Da Kuɗi Kaɗan

Zancenmu na wannan mako a kan kwamfuta ne, irin wadda samari ke wasa da ita. Attajirai da yawa 'ya'yansu sun matsa musu a saya, waɗansu kuwa so suke su ajiye biyu ko uku a shago, yara su riƙa biya suna bugawa. Hukuncin wasan kansa ba shi muka nufa yau ba, kowa dai ya san wasan da ya hana salla ko karatu, ko ya koma caca, barinsa ya wajaba. Abin da muka nufa ciniki ne, gama mutum ya kan zuba kuɗin da ya isa jarin tireda, ya komo gida da kayan da ba su shiga juna ba.

Ku sani, ya 'yan'uwa, wannan na'ura gaɓoɓi ce da ake saye dabam dabam a harhaɗa. Akwai babban allo, wanda masu sana'ar ke kira madabod, a kansa ake dasa kome. Akwai ƙwaƙwalwa mai lissafi, da katin hoto mai zana abin da ido ke gani, da ram mai riƙe aikin da ake ciki, da rumbun ajiya, da tukunyar wuta mai rarraba lantarki, sa'an nan akwatin da zai ɗauke su duka.

To, inda mutane suka fi ruɗuwa shi ne zaton ƙaramin abu ya fi araha. A nan ba haka ba ne. Allo mafi ƙanƙanta, watau Mini-ITX, wanda kamfanin VIA ya fito da shi a 2001, santimita 17 ne tsawo da faɗi. Na tsakiya, Micro-ATX, santimita 24.4 ne kowane gefe. Ga al'ada ƙaramin ya fi na tsakiyan tsada, domin cusa kaya a ƙunci aiki ne, masu sayensa kuma kaɗan ne. Har wa yau gurbin kati ɗaya gare shi, gurbin ram biyu. Akwatinsa sau da yawa ba ya karɓar tukunyar wuta ta kowa da kowa, sai ƙarama mai suna SFX, ita ma da nata ƙarin kuɗi. Saboda haka wanda aljihunsa bai yi nauyi ba, in ba ƙuncin wuri ya tilasta shi ba, na tsakiya ya fi masa, rarar ya zuba ta a katin hoto.

Wanda kuwa ya nace sai ƙarami, ya riƙi abin awo kafin ya riƙi kuɗi, kamar yadda tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga. Misali akwatin Cooler Master NR200, wanda ya fito a 2020, cikinsa kamar lita 18 ne, yana ɗaukar kati mai tsawon santimita 33 da abin sanyaya ƙwaƙwalwa mai tsayin santimita 15.5. Waɗansu akwatunan ba su kai haka ba ko kusa. Kati ya ɗara gurbinsa da faɗin yatsa ɗaya, murfi ba ya rufuwa, mai shago kuma ya riga ya ƙirga kuɗinsa.

Ƙwaƙwalwa da allo sai an haɗa jinsi da jinsi. Kamfanin AMD yana da mazauni AM4 tun 2016, yana aiki da ram DDR4, da kuma AM5 na 2022, wanda ba ya karɓar kome sai DDR5. Tsagar da ke gindin ram ɗin ma ba wuri ɗaya take ba, ko an danna ba ya shiga. Mai neman sauƙi ya dubi Ryzen 5 5600, mai cibiya 6, wanda ke cin wat 65, a kan sayar da shi tare da fankarsa. Amma in tsohon allon B450 za a ɗora shi, a tambaya ko an sabunta masa manhajar tashi, in ba haka ba ba zai gane ƙwaƙwalwar ba. A gefen Intel akwai Core i3-12100F mai cibiya 4. Harafin F ɗin nan ma'anarsa ba ya fid da hoto da kansa, haka shi ma 5600 ɗin, lalle sai da kati. Wanda bai da kuɗin kati tukuna, akwai Ryzen 5 5600G na 2021, yana zana hoto da kansa, ya isa wasanni marasa nauyi har Allah Ya hore.

Katin hoto shi ne dokin tafiyar, a kansa ya kamata kaso mafi girma ya tafi. Sai dai a ƙasarmu ban da ƙarfinsa a dubi cinsa, domin duk wat ɗin da ya ci zafi yake komawa, a cikin akwati mai ƙunci, a garin da bazara ke haura digiri 40 kamar Kano da Sakkwato. Radeon RX 6600 na 2021 yana cin wat 132, GeForce RTX 4060 na 2023 wat 115, kowannensu gigabait 8. Arc B580 na Intel, da ya fito a ƙarshen 2024, gigabait 12 gare shi, amma cinsa wat 190 ne. A ganina mai ƙaramin akwati da wutar janareta ya fi dacewa da mai ƙarancin ci. Ram kuwa gigabait 16 ya wadatar, a saye shi sanda biyu na takwas takwas, gama ƙofa biyu ta fi ɗaya saurin wucewa. Rumbu a nemi siririn nan M.2, da ake kwantarwa a jikin allo ba tare da waya ba.

Wuri ɗaya ne ban yarda a yi tsimi ba, watau tukunyar wuta. Mara suna mai araha in ta ƙone ta kan tafi da allo da kati gaba ɗaya, a nan ne maganar Hausawa ta tabbata cewa araha ba ta ado. Wat 550 daga kamfani sananne ya ishi kayan da muka ambata. A haɗa mata na'urar daidaita wuta, a kuma riƙa hure ƙurar hunturu daga fankoki, domin ƙura bargo ce a kan abin da ke neman iska.

Saura zancen kayan hannu, waɗanda suka cika kasuwanni irin Computer Village ta Ikeja. Katuna da yawa sun yi shekaru suna haƙar kuɗin intanet dare da rana, har Ethereum ta bar wannan hanya a watan Satumba 2022 aka juye su kasuwa. Ba dukansu ne matattu ba, amma fanka ta gaji, man da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya bushe, ido kuma ba ya ganin wannan. Malamanmu na Malikiyya sun riga sun buɗe mana ƙofa, domin a Risala ta Ibn Abi Zaid an halatta ciniki bisa zaɓi, a yanka ɗan lokaci na jarraba haja, an kuma hana mai sayarwa ɓoye aibin da ya sani. To, mai saye ya sharɗanta kwana biyu ko uku, a rubuta a takarda da lambar katin, a gaban shaidu. Ya kunna wasa mai nauyi na sa'a guda, murfi a rufe, da tsakar rana. In hoto ya yi ɗigo-ɗigo ko na'ura ta mutu da kanta, ya mayar kafin wa'adi ya cika.