Dutse da Tawada: Daga Birnin Kudu zuwa Ƙasar Sin

Mutanen Dingaya da Gwaram sun saba da ganin duwatsun Birnin Kudu, amma ba kowa ne ya taɓa leƙa kogwannin Dutsen Mesa da Dutsen Habude ya ga shanun nan masu dogayen ƙahoni, marasa tozo, waɗanda mutanen dā suka zana da jan launi ba, zanen da masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsa a wajajen 1955. Magabatan nan sun mai da dutse allonsu, suka zana dukiyarsu a jikinsa. Su kuwa masu zane na ƙasar Sin, dutsen kansa suka ɗauka abin zanawa, domin ya zama musu sababin tafakkuri.

Wannan fanni ya kai matuƙa a zamanin daular Song ta Arewa, daga 960 zuwa 1127. Tawadarsu baƙin hayaƙin itace ce da ake kwaɓawa da danƙo, kusan yadda almajiri yake dama tasa da ƙaro, sai dai su suna busar da ita ta zama sanda, in za a yi aiki a goga ta a kan dutse da ruwa, har launi guda ya ba da baƙi ƙirin da toka-toka da fari-fari gwargwadon ruwan da aka zuba. Da alƙalamin gashi suke zane a kan takarda ko alharini, inda kuma suke nufin hazo ko kogi, sai su bar wurin fili.

Mashahurin misali shi ne zanen Fan Kuan na wajajen shekarar 1000, mai tsawon kimanin mita 2, wanda yake ajiye a gidan tarihi na birnin Taipei. Wani gawurtaccen dutse ya mamaye mafi yawan shimfiɗar, ruwa yana kwararowa daga tsagensa, can ƙasa kuma ga ayarin fatake da dabbobinsu, ƙanana ainun, sai mai lura yake ganinsu. Sunan mai zanen ma a cikin ganyaye ya ɓoye shi, ba a gano shi ba sai 1958. Manufarsa a fili take: ɗan Adam baƙo ne mai wucewa, ya kamata ya san miƙidarinsa.

Haƙiƙa aƙidar masu zanen Sin ta addinan Dao da Buda dabam take da tamu, amma duban halitta da natsuwa domin samun tawali'u abu ne da malamanmu suka daɗe suna kwaɗaitarwa, jumhurun malaman fiƙihu kuma sun halatta zana abin da ba shi da rai, kamar duwatsu da itatuwa.

Saboda haka muna kira ga malaman makarantun yankin nan da su riƙa kai ɗalibai duwatsun Birnin Kudu, a koya musu kallo da zane, a kuma hana masu fasa dutse da masu kankare zanen ɓata mana wannan gado.