Daga Rillieux-la-Pape zuwa Ƙasa Mai Tsarki: Sharuɗɗan Shiga Saudiyya

A garin Rillieux-la-Pape, arewa maso gabashin birnin Lyon na ƙasar Faransa, za a iya samun Hausawa biyu a bene ɗaya, masallaci ɗaya suke salla, amma ranar da suka ɗaura niyyar zuwa Saudiyya sai hanyarsu ta rabu. Ɗaya yana riƙe da fasfo na Faransa, ɗayan kuma na Nijar ko Najeriya haɗe da katin zama. Jami'in shige da fice a Jidda ko Madina abu uku yake dubawa: fasfo, da irin bizar da aka ba mutum, da shaidar rigakafi. Kowace biza kuma tana da iyakar abin da ta halatta, kuma a nan ne mafi yawan matafiya suke tuntuɓe.

A watan Satumba na 2019 Saudiyya ta buɗe ƙofarta ga masu yawon buɗe ido, ta fito da biza ta intanet ga 'yan ƙasashe 49, har da Faransa. Bizar tana aiki shekara guda, ana shiga da fita da ita sau da yawa, zama kuma ba ya wuce kwana 90. Ana umra da ita idan ba lokacin aikin hajji ba ne. Najeriya da Nijar ba sa cikin wancan jeri, sai dai daga baya an yi sassauci ga masu izinin zama na dindindin a ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya da Amurka, da masu bizar waɗannan ƙasashe wadda aka riga aka shiga da ita. Ko wane fasfo mutum ke riƙe da shi, dole ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Mai fasfon Najeriya ko Nijar da nasa ya kusa ƙarewa sai ya nufi ofishin jakadancin ƙasarsa a Paris tun da wuri.

Akwai kuma maganar dawowa. Mai katin zama ya duba ranar ƙarewarsa kafin ya sayi tikiti. Takardar wucin gadi da hukuma ke bai wa mai neman katin zama karo na farko ba ta ba shi damar sake shigowa Faransa idan ya fita. Sai mutum ya gama ibadarsa lafiya, ya zo filin jirgi a hana shi hawa.

Hajji kuwa tsarinsa daban ne ɗungurungum. A Najeriya ana biyan kuɗin kujera ta hukumomin alhazai na jihohi ƙarƙashin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, a Nijar kuma hukumar COHO ke kula da lamarin. Mazauna Faransa a da kamfanonin tafiye-tafiye suke bi, har 2022 da Saudiyya ta mayar da rajistar mazauna Turai da Amurka da Ostireliya kan intanet ta dandalin Motawif, sannan a 2023 ta maye gurbinsa da Nusuk. A can maniyyaci zai sa hoton fasfonsa da shaidar zamansa, ya zaɓi tsarin masauki, ya biya. Kujerun ƙidayayyu ne, domin tun ƙarshen shekarun 1980 ake rabon su bisa ma'aunin mutum 1,000 cikin kowane Musulmi miliyan ɗaya.

Ƙarancin kujera shi ya buɗe wa dillalai kasuwa. Za su ce maka ka shiga da bizar ziyara ko ta yawon buɗe ido, ka laɓe a Makka har ranar Arfa, kuɗin bai kai rabi ba. Araha ba ta ado. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301, kuma kashi 83 cikin 100 nasu ba su da tasrihi, wato izinin aikin hajji. Dalilin a fili yake: marar izini ba shi da tanti mai sanyi a Mina, ba shi da gurbi a motocin alhazai, yana kuma tsoron neman taimako kada askarawa su kama shi, sai ya yi ta tafiya a ƙasa cikin rana. A 2025 aka tsananta hukunci: tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama, riyal 100,000 ga wanda ya yi masa hanya ko ya ba shi masauki, sai kora daga ƙasar da haramcin shiga na shekara 10. Tun daga farkon Zulƙida na shekarar 2025 aka hana masu bizar ziyara shiga Makka.

Ta fuskar lafiya, babban sharaɗi ga mai hajji da umra shi ne allurar sanƙarau mai kare nau'i huɗu, wadda za a yi aƙalla kwana 10 kafin isa. Dokar tana da tarihi. A 1987 cutar ta ɓarke tsakanin alhazai, a 2000 kuma wani nau'inta mai suna W135 ya biyo masu dawowa har Faransa da Ingila, ya kama iyalansu da ba su je ko'ina ba. Mazauna yankin Lyon suna samun allurar a cibiyar rigakafin matafiya ta asibitin Croix-Rousse, na Paris kuma a cibiyar Pasteur da makamantanta. Wanda zai fara biyawa ta Kano ko Yamai don gaida iyaye ya sani cewa mai tasowa daga can ana neman shaidar allurar shawara a wurinsa, mai tasowa daga Najeriya har da ta shan inna.

Sai abin da ke cikin jaka. Saudiyya tana zartar da hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi, giya da naman alade haramun ne a shigo da su, goro ma shekara da shekaru hukumar alhazan Najeriya tana gargaɗi a kansa. Mai shan magani irin su tramadol ko kodin bisa umarnin likita ya riƙe takardar likitan a hannu. A ƙarshen 2018 an tsare wata ɗaliba daga Kano a Saudiyya saboda wata jaka ɗauke da tramadol da aka liƙa wa sunanta, sai a 2019 aka sake ta bayan bincike ya nuna ba tata ba ce. Don haka saƙon da ba ka ga cikinsa ba, ko na ɗan uwa ne, kada ka karɓa. Kuɗi ma ana bayyana su idan sun kai Yuro 10,000 wajen fita daga Tarayyar Turai, ko riyal 60,000 wajen shiga Saudiyya.

Wasu sharuɗɗan sun sassauta. Tun 2021 mace na iya rajistar hajji ba tare da muharrami ba, ko da yake malamai sun saɓa a kan hukuncin hakan, kowa kuma da mazhabar da yake bi. Baƙuwa 'yar yawon buɗe ido ba a tilasta mata abaya, amma dokar kamun kai ta 2019 ta wajabta sutura ta mutunci ga maza da mata, ta kuma hana ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba. Abin da bai canza ba shi ne Makka ta Musulmi ce kaɗai, akwai alluna da shingaye a kan hanya masu karkatar da wanda ba Musulmi ba.

Mai ganin duk wannan takura ce ga ibada, ya tuna cewa hajji an ɗora shi ne a kan mai iko. A 2024 Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta ba da fatawa cewa bai halatta a tafi hajji ba tare da izini ba, wanda kuma ya nema bai samu ba yana cikin hukuncin marar iko. Saboda haka wanda kujera ta kuɓuce masa bana babu laifi a kansa. Ya adana kuɗinsa, ya sabunta fasfo da katin zama, ya yi umra idan da hali, ya sake nema baɗi ta hanyar da hukuma ta sani.