Mai gadin manhaja da ba ya jin roƙo

Matasan Kebbi da ke koyon rubuta manhaja a shirin 3MTT, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, za su tarar da wani mai gadi a bakin manyan ayyuka. Da zarar an tura aiki GitHub, wata manhaja kan fara duba tazara da tsawon layi, ta mayar da wanda ya saɓa. Ƙa'idar PEP 8 ta harshen Python, tun 2001, ta ƙayyade layi kada ya wuce harafi 79. Black, da ya fito a 2018, shi da kansa yake gyarawa.

Ga ɗan Lafagu da ba shi da gwani kusa, malami ne kyauta. Sai dai tsari kawai yake gani. Lissafin kuɗi da ya kauce zai wuce ta gabansa lafiya lau.